Agogo Da Alƙalami A Gefen Majiyyaci

Akwai wata irin takarda da malaman asibiti suka saba karɓa daga hannun hedimasta ko malamin ofis, wadda akan aiko tare da majiyyaci. Takan fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sa'an nan ta ce ga wane nan ba shi da lafiya, jikinsa da zafi, a taimaka. Shi ke nan. Rubutu mai kyau, ga hatimi a ƙasa, amma ba ta gaya wa mai karɓarta kome ba wanda idonsa bai riga ya gaya masa ba. Tun yaushe zafin ya soma? Hawa yake yi ko sauka? Yaya numfashinsa yake daren jiya? Duk babu. Ga shi kuwa wanda ya rubuta ta mutum ne mai iya haɗa lissafin kuɗin gunduma guda har zuwa kwabo, ko ya tara makin yara 50 ba tare da kuskure ba.

Mu da aikinmu ya shafi horon malamai muna ganin wannan giɓi ne da ya kamata a cike shi. A garuruwa da yawa malamin makaranta da akawu su ne mutane sukan nufa in abu ya rikice, su ne kuma ba su rabuwa da agogo da alƙalami. To, likitoci suna da abubuwa huɗu da sukan fara dubawa ga kowane majiyyaci tun kafin su shiga tambayoyi masu zurfi, watau zafin jiki, da bugun jini, da numfashi, da ƙarfin matsin jini. Biyu daga cikinsu ba su bukatar kome sai agogo mai nuna sakan, ko da na cikin wayar hannu ne. Wanda ya iya auna su, ya rubuta lamba da lokaci, ba likita ya zama ba, amma zai san wanda za a bari ya huta a gida da wanda za a nema wa mota tun da sauran rana.

Bari mu fara da zafin jiki, tun da shi kowa ya fi sani. Tafin hannun uwa a goshin ɗanta tsohon ma'auni ne, ba kuwa a raina shi, don sau da yawa yakan gane zazzaɓi. Aibinsa shi ne ba ya ba da lamba. Hannun da ya fito daga randa dabam yake ji da wanda ya taso daga gaban murhu, kuma abin da uwa ta ji da safe ba ya gwamuwa da abin da kaka ta ji da la'asar. Turawa ma sun daɗe a cikin wannan hali. Ko da yake Fahrenheit ya ƙera ma'aunin zafi mai zaiba tun 1714, Celsius kuma ya tsara nasa ma'auni mai digiri 100 a 1742, likitoci ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai da wani likitan Jamus mai suna Carl Wunderlich, na asibitin Leipzig, ya buga littafinsa a 1868. Shi da mataimakansa sun yi awo fiye da miliyan 1 a jikin majiyyata kamar 25,000. Daga nan ne aka sami lambar nan da aka haddace, digiri 37 a ma'aunin Celsius, watau 98.6 a na Fahrenheit. Ma'aunin da ya yi aiki da shi tsawonsa ya kai ƙafa guda, kuma sai ya yi kamar minti 20 a hammata kafin a karanta shi. A daidai wannan zamani ne wani likitan Ingila, Thomas Allbutt, ya ƙera gajere mai inci 6 wanda ke gama aiki cikin minti 5, ya kuma shiga aljihu.

Babban abin da Wunderlich ya koyar ya fi lambar 37 ɗin amfani, ko da yake ita aka fi tunawa. Ya nuna cewa awo ɗaya kaɗan yake faɗi. Abin da ke magana shi ne jerin awo, safe da yamma, kwana bayan kwana, har a ga hanyar da zafin ke bi. Ita kanta 37 ɗin ba turke ba ce. A 1992 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun auna mutum 148 masu lafiya, suka sami tsakatsakinsu 36.8. Jikin mutum yakan fi sanyi da asuba, ya fi ɗumi tsakanin la'asar da magariba, bambancin yakan kai rabin digiri. Saboda haka lambar da ba a rubuta lokacinta ba rabin labari ce.

Ma'aunin da ya fi sauƙin samu yanzu shi ne mai batir, wanda ke nuna lamba ya yi ƙara in ya gama. Ga yaro, hammata ta fi dacewa. A share gumi tukuna, a sa kan ma'aunin a tsakiyar hammata ya taɓa fata, ba riga ba, a matse hannun da jiki har ya yi ƙara. Ga babba a sa a ƙarƙashin harshe ya rufe baki, amma kada a yi haka ga wanda ya sha shayi ko kunu mai zafi ko ruwan sanyi sai bayan minti 15 ko fiye. Hammata takan nuna ƙasa da baki da kamar rabin digiri, shi ya sa ake lissafa 37.5 a hammata zazzaɓi ne, a baki kuwa 38. Lalle ne a rubuta inda aka auna. In kuwa tsohon ma'auni na gilashi ne ke cikin akwatin makaranta, a kaɗa shi har zaibar ta sauka ƙasa da 35, a bar shi minti 3 a baki ko 5 a hammata. Amma gara a canja shi, domin zaiba guba ce, ƙasashen duniya ma sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don a daina ƙera irin waɗannan kaya. In ya fashe kada a share da tsintsiya, kada kuma a bar yara su yi wasa da ƙwallayen nan masu sheƙi. A kwashe su da takarda mai kauri a zuba a kwalba mai murfi, a buɗe tagogi.

Akwai kuma wanda ake haska wa mutum a goshi, wanda ya cika ƙofofin makarantu lokacin cutar Ibola a 2014, da lokacin korona a 2020. Yana da sauri, ba ya kuma taɓa jiki, amma fata yake aunawa. Yaron da ya tako mil 2 cikin ranar bazara, ko wanda iskar hunturu ta bugi fuskarsa, sai a zaunar da shi a inuwa ya huta kafin a yarda da abin da ya nuna.

Abu biyu muke roƙon masu karatu su riƙe game da zafi. Na farko, jaririn da bai kai wata 3 ba in ya kai 38 asibiti za a kai shi a ranar, ko da yana shan nono. Haka nan in jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5, don a wurin jariri sanyi ma alamar cuta ce mai tsanani. Na biyu, ma'auni ba ya faɗin sunan cuta. Mun saba ce wa kowane zazzaɓi na cizon sauro ne, mu aika kanti a sayo magani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin, gwajin kuwa ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an sami amsa. Masu kula da makarantun kwana su tuna da sanƙarau, wanda a 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Ɗalibin da ke da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuyansa ya sandare ba ya iya kai haɓa ƙirji, ba a jiran awo na biyu a kansa.

Bugun jini kuwa ilminsa ya riga na ma'aunin zafi da ɗaruruwan shekaru. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kansa a cikin littafinsa Alƙanun, inda ya rarrabe ƙarfinsa da saurinsa da daidaituwarsa. Ana ba da labarin wani saurayi da ya rame har aka fid da rai, likitoci suka rasa gane ciwonsa. Ibnu Sina ya riƙe wuyan hannunsa, ya sa a yi ta ambaton sunayen unguwanni, sa'an nan na gidaje, sa'an nan na mutanen gida. Duk inda bugun ya zabura ya san an taɓo wurin, har ya kai ga sunan yarinyar da ke zuciyar saurayin. Maganin da ya rubuta aure ne. Labarin yana da darasi ga mai awo: tsoro da fushi da murna da gudu duk suna ƙara bugu, don haka a bar mutum ya zauna minti 5 kafin a taɓa shi. Yaron da hedimasta ya kira ofis, yana zaton bulala ce, bugunsa ba zai faɗi gaskiya ba.

Abin da likitocin dā suka rasa shi ne agogo mai ƙidaya sakan. Sai a 1707 wani likitan Ingila, John Floyer, ya buga littafi game da agogon da ya sa aka ƙera masa musamman don ƙidayar bugu cikin minti guda. Yau kowane ɗan kamasho yana da abin da ya fi na Floyer a aljihunsa.

Ga yadda ake yi. A juya tafin hannun majiyyaci sama, a ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannu, gefen da babban yatsa yake, a danna a hankali har a ji yana harbawa. Kada a yi da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugu, sai mutum ya ƙidaya na kansa ya rubuta wa wani. A ƙidaya na sakan 30 a ninka biyu. In kuwa bugun yana tsalle, ko yana tsayawa ya ci gaba, a ƙidaya minti cikakke, a kuma rubuta cewa ba daidai yake tafiya ba. Ga jariri an fi jinsa a cikin dantse, tsakanin gwiwar hannu da hammata. Babba mai lafiya da ke zaune yana yin 60 zuwa 100 a minti. Yaron makaranta yakan yi 70 zuwa 110, sabon jariri kuwa 100 zuwa 160. Ɗan kokawa ko manomi ƙaƙƙarfa yana iya yin 55 lafiyarsa ƙalau.

Lambar bugu tafi amfani in an aza ta kusa da ta zafi. Zazzaɓi yakan ƙara kamar bugu 10 a kan kowane digiri guda. In aka ga zafi ya kai 39.5 kwana da kwanaki, bugu kuwa bai wuce 80 ba, wannan abin faɗa wa likita ne, don wani lokaci taifot yakan yi haka. Wanda ya fi hatsari shi ne kishiyar wannan: jiki ba zafi, amma bugu yana sauri, siriri kamar zare, hannuwa sun yi sanyi. Haka yakan zama ga wanda amai da gudawa suka tsotse ruwan jikinsa, ko mace mai zubar jini bayan haihuwa. Zuciya ce ke gudu don ta rufe giɓin abin da aka rasa. Mai gudawa a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya, amma hanyar asibiti dai za a kama.

To, yanzu mun zo kan awon da muka fi so masu karatu su tsaya a kansa, watau numfashi. Shi ne mafi arha cikin huɗun, shi ne kuma aka fi tsallakewa, har a manyan asibitoci. Dalili kuwa, ba shi da na'ura mai ƙyalli da za ta burge mutane, kuma yana bukatar haƙurin minti guda cur, wanda ya fi tsawo ƙwarai in mutum yana kallon agogo. Amma likitoci sun tabbatar cewa sau da yawa numfashi ne ke fara canjawa sa'o'i kafin majiyyaci ya rikice, tun zafi da matsin jini suna nan yadda suke.

Ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya, yana cikin manyan masu kashe yara ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kamar 740,000 a duniya. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce a 2018 Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa asara, da yara kamar 162,000. A raba wannan da kwanakin shekara, za a sami fiye da 440 kowace rana, watau yaran makaranta guda babba. Abin takaici shi ne ciwon yana da magani mai arha in an fara da wuri. Inda ake yin asara shi ne a gida, cikin kwana 2 ko 3 da ake cewa ai mura ce, sanyin hunturu ne ya kama shi, a shafa masa mai a lulluɓe shi.

Yaya za a bambanta tarin mura da ciwon huhu a garin da babu na'urar hoton ƙirji? Wannan tambaya ta dami likitocin yara, har a shekarun 1980 aka yi bincike a ƙasar Papua New Guinea, aka ƙara a Gambiya da wasu ƙasashe. Abin da aka samu ya ba mutane mamaki don sauƙinsa: ƙidayar numfashi kaɗai tana kama yawancin yaran da ke da ciwon huhu. Huhun da ya cika da ruwa ba ya ɗaukar iska isasshiya a shaƙa ɗaya, sai jiki ya rama da yawan shaƙa. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa lambobi uku, waɗanda ya kamata a rubuta su a bangon kowane ofishin hedimasta. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 12, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Yaro mai tari da ya kai lambar shekarunsa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, ba gobe ba.

Ƙidayar tana da sharuɗɗa. Yaro ya zama yana kwance lafiya a cinyar uwarsa, ba yana kuka ko shan nono ba. In barci yake yi ma ya fi, kada a tashe shi. A roƙi uwa ta ɗaga masa riga, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ba a kuma ƙidayar numfashi ta bayan zane uku. A zuba ido a ciki ko ƙirji. Tashi da sauka tare numfashi ɗaya ne, ba biyu ba, nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. A ƙidaya minti cikakke. Kada a ce za a yi sakan 15 a ninka huɗu, domin numfashin yara ba ya tafiya daidai, sukan yi sauri su dakata. Malaman lissafi za su gane hatsarin nan da nan: kuskuren 2 cikin sakan 15 ya zama 8 a minti, 8 kuwa ta isa ta mai da yaro mai 44 ya koma 36, a ce lafiyarsa lau a mai da shi ɗaki. In lambar ta zo kusa da iyaka, a sake ƙidayawa.

Tun da riga tana sama, a duba ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare. Ga yaro mai lafiya, in ya ja iska ƙirji da ciki tare suke tasowa. In aka ga ƙasan ƙirjin yana faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, alhali ba kuka yake yi ba, to huhu ya yi tauri, yaron ƙoƙari yake yi. Wannan ma na asibiti ne, ko lambar ba ta kai ba. Haka kuma yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi har ba a iya farkar da shi sosai. Waɗannan ba su bukatar agogo, sai abin hawa. Gaskiya ne zazzaɓi mai zafi shi kaɗai yana iya ƙara saurin numfashi, har yaro mai zazzaɓin cizon sauro ya haye lambar. Ba laifi. Rarrabe su aikin ma'aikacin lafiya ne, kuma dukansu biyu wurinsa ya kamata su je.

Babba yana yin 12 zuwa 20 a minti. Shi kuwa wayo ake yi masa, don da zarar mutum ya san ana kallon numfashinsa sai ya canja shi ba da niyya ba. Bayan an gama ƙidayar bugu, kada a ɗauke yatsu daga hannunsa. A ci gaba da riƙewa kamar ba a gama ba, ido kuwa yana kan ƙirjinsa. Babban da ke zaune yana wuce 24, ko wanda ba ya iya gama magana guda sai ya tsaya ya ja iska, ba a barinsa ya kwana a gida a kan wai gajiya ce.

Awo na huɗu shi ne matsin jini, shi kuwa ya fi shafar masu karatunmu su kansu fiye da ɗalibansu. Wanda ya fara auna shi wani limamin coci ne a Ingila, Stephen Hales, wanda ya ba da labarin gwajinsa a 1733. Ya sa bututun gilashi mai tsawon ƙafa 9 a jijiyar wata goɗiya, jini ya hau har ƙafa 8 da inci 3, yana tashi yana sauka tare da bugun zuciya. Ba wanda zai yarda a yi masa haka. Sai a 1896 Riva-Rocci na Italiya ya fito da ɗamarar nan ta dantse da ake hura wa iska, a 1905 kuma wani likitan sojan Rasha, Korotkoff, ya gano cewa in aka saurari jijiya ana sassauta iskar za a ji inda sauti ya soma da inda ya ɓace. Daga nan aka sami lambobi biyu. Ta sama ita ce ƙarfin turawa lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa lokacin da ta saki. Kamar 120 bisa 80 shi ne daidai ga babba. In an auna a ranaku biyu dabam aka sami 140 ko fiye a sama, ko 90 ko fiye a ƙasa, hawan jini ke nan.

Muguntar hawan jini ita ce yawanci ba ya ciwo. Mutum yana zuwa ofis, yana cin tuwonsa, yana ta harkokinsa shekara da shekaru, sai rana ɗaya ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace, a ce abin farat ɗaya ya zo. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, manya kamar miliyan 1,280 ne ke da shi a duniya, 46 cikin 100 kuwa ba su sani ba. Duk ma'aikacin da ya kai shekara 40 bai san lambarsa ba, ya kamata ya neme ta cikin wannan wata. Na'urar batir mai ɗamarar dantse ta sauƙaƙa abin, malaman makaranta guda ma suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. A zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, dantse a kan tebur daidai da zuciya, ba magana. Kada a ci goro ko a sha shayi ko taba cikin rabin sa'a kafin awo. A auna sau biyu, minti 1 ko 2 tsakani, a rubuta duka. Mai kaurin dantse ya nemi babbar ɗamara, don ƙarama takan ƙara lamba. Wanda ya kai 180 bisa 120, musamman in da ciwon kai ko ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, asibiti nan take. Kada kuma wani ya ari ƙwayar abokinsa, ko ya daina tasa don ya ga lamba ta sauka, ai ƙwayar ce ta saukar da ita.

Mata masu ciki nasu ya fi gaggawa. Mai cikin da ya wuce mako 20 in ta kai 140 bisa 90, tana cikin hatsarin jijjigar nan da ke kashe uwa da ɗa, balle in fuska da hannuwa sun kumbura ko kai yana sara. Maigidan da ya hana matarsa zuwa awon ciki ya hana a ga wannan lamba ne tun tana da magani.

Wasu suna ƙara awo na biyar, wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jini, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Mai lafiya yana nuna 95 zuwa 100, ƙasa da 90 kuwa bukatar oksijin ce a asibiti. Sai dai a yi hattara. Yatsa mai sanyi ko jan farce yana ruɗa ta, kuma wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna takan nuna wa baƙar fata lamba sama da gaskiya, har ta ɓoye ƙarancin iska kusan sau uku fiye da yadda take yi wa farar fata. In na'ura ta ce 94, yaro kuwa yana numfashi 55 ƙirji yana faɗawa, yaron za a gaskata.

Shawararmu ga kwalejojin horon malamai ita ce a koyar da wannan da hannu, ba a allo kaɗai ba. Ɗalibai su zauna biyu-biyu su ƙidaya bugu da numfashin juna, su zagaya filin wasa da gudu sau ɗaya, su sake ƙidayawa nan take, da bayan minti 2, da bayan minti 5, sa'an nan su zana lambobin a takarda mai gida-gida a darasin lissafi. Wanda ya ƙidaya na masu lafiya 20 ba zai ruɗe ba ranar da aka kawo masa marar lafiya. Kowace makaranta kuma ta ware littafi guda, kamar rajistar kiran suna, mai gurbin suna da shekaru da rana da sa'a da awo uku na farko.

Takardar da za a aika asibiti sai ta zama kamar haka, bayan gaisuwa: Yarinya, shekara 3, tari kwana 2. Ƙarfe 7 na safe, zafi 38.4 a hammata, bugu 124, numfashi 42. Ƙarfe 11, zafi 38.9, bugu 136, numfashi 50, ƙasan ƙirji yana faɗawa, ta ƙi abinci amma tana shan ruwa. An ba ta farasitamol ƙarfe 7 da rabi, ba a ba ta wani magani ba. A sa hannu, a ba wanda zai raka ta, a kuma bar kwafi a littafin makaranta.